Dariyar da Ta Fitar da Baba Daga Aji

Ina koyarwa a wata firamare da ke yankin Surko lokacin da aka sanar da mu cewa duk malamin da ba shi da takardar NCE ya koma karatu, in ba haka ba aikinsa na cikin haɗari. Ni ba ni da ita. Sai na yi rajista a wata cibiyar karatu ta ƙarshen mako da aka buɗe a Birnin Kudu, a cikin azuzuwan wata makaranta da ake ara mana Asabar da Lahadi. Malaman da za su koyar da mu daga wata kwaleji suke zuwa, in sun ga damar zuwa.

Ranar farko na tarar da wani dattijo zaune a bencin gaba, gwiwoyinsa sun tokare tebur, don an yi bencin ne saboda yara. Gemunsa ya yi fari, rigarsa a goge tsaf. Na ɗauka lakcara ne, har na rusuna na gaishe shi.

"Tashi, Malam," in ji shi yana dariya. "Ni ma ɗalibi ne. Zauna nan kusa da ni, idona ba ya kai wa allo sosai. In na rasa wani abu sai in leƙa naka."

Mutumin Dingaya ne, can ƙasar Gwaram. Ya fara koyarwa tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanka mana Jigawa, da tsohuwar takardar malanta wadda a zamaninsu ake ji da ita. Saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Duk ajin Baba muke ce masa. Na taɓa tambayarsa me ya sa zai wahalar da kansa, tunda ya kusa hutawa.

Ya ce, "Ba na so a rubuta cewa an cire ni daga aji don ban cancanta ba. In zan fita, in fita da ƙafata."

Kowace Asabar bayan sallar asuba yake hawo wani tsohon babur ya taho, ya kwana a gidan wani ɗan uwansa a cikin gari, ya koma Lahadi da yamma. Da damina yakan iso ƙafar wandonsa duk taɓo, ya tsaya bakin famfo ya wanke kafin ya shiga aji. Sau da yawa wahalar banza yake sha. Mukan zauna a gindin darbejiya tun hantsi har azahar, sannan wani ya zo ya ce malamin yau yana da taro, ga takardun darasi ya aiko, kowa ya je ya karanta. Takardun kuwa da Turanci ne mai nauyi, wasu shafukan ma hoton bai fita ba.

Akwai wata mata a ajinmu, Kirista ce 'yar Filato, mijinta ma'aikacin lafiya ne a garin, ita kuma tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Madam muke kiranta. Ranar Lahadi sai ta taso daga coci take zuwa, da jakarta cike da littattafai. Ita ce wata rana haƙurinta ya ƙare, ta miƙe a gindin bishiyar nan ta ce, "Wai jiran wa muke yi? Kowa a nan malami ne. Mu koyar da junanmu mana."

Haka aka fara. Aka raba darussa, kowane mako wani ya ɗauki babi ɗaya ya je ya karanta, ya zo ya yi wa saura bayani da Hausa, a yi ta tambaya da gardama har a fahimta. Madam ta buɗe mana guruf a waya saboda tsakiyar mako, wanda ya gane wani abu ya naɗi muryarsa ya tura, wanda ya rasa ya tambaya.

Baba ƙaramar waya gare shi mai madannai. Da ya ga ana barinsa a baya, bayan ya sayar da riɗinsa sai ga shi da wata 'yar hannu mai shafawa, gilashinta a tsage ta gefe. Ni na nuna masa yadda ake danne wurin naɗar murya a yi magana a saki. A Dingaya ba ko'ina ake samun sabis ba, sai ya fita bayan makarantarsu ya hau wani tudu. Shi ya sa duk saƙonsa za ka ji iska da kukan awaki. Kuma ba ya shiga magana sai ya yi cikakkiyar sallama, ya gaida kowa da iyalinsa, ya tambayi mai jego da marar lafiya. Matasan ajin suna yi masa tsiya cewa gaisuwarsa na cinye musu data, amma ranar da bai turo ba su ne suke fara cigiya.

Ban taɓa jin daɗin karatu kamar a watannin nan ba. Wani ɗan Fagam ya warware mini lissafin da na yi shekaru ina koyar da shi ba tare da na gane tushensa ba. Madam ta gyara mana rubutun Turanci. Baba ya riƙa ba mu labarin yadda yake yi da yaron da ba ya magana a aji, mu kuma muka koya masa sababbin sunayen da littattafai suka ba abubuwan da ya daɗe yana yi. Ba wanda ya fi wani, kowa yana da inda ya gaza.

Cikin malaman kwalejin akwai wani matashi mai digirin dokta, shi ke koyar da mu dabarun koyarwa. Ya fi sauran zuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba a nan. Da ya ji labarin abin da muke yi sai ya yi ta yabo, ya ce haka ake yi yanzu a duniya, ɗalibai su jagoranci karatunsu da kansu. Sannan ya kawo shawara. Ya ce kowannenmu ya tsaya gaban allo ya koyar da gajeren darasi, a ɗauke shi a bidiyo da waya, a sa a guruf kowa ya kalla ya faɗi gyara, shi ma a tura masa ya ba da maki.

Baba ya ɗaga hannu. "Dokta, wa da wa za su ga wannan abu?"

"Ku kaɗai, Baba, sai ni. Aikin aji ne."

Baba ya gyaɗa kai. Mu ma duk muka yarda, don a lokacin haka muka fahimci waya. Mun ɗauka guruf ɗaki ne mai ƙofa, abin da aka ajiye a ciki yana nan a ciki. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce mana in abu ya shiga wayar mutum da yawa to ya fita daga hannun mai shi. Shi Dokta ya sani ko bai sani ba, bai faɗa ba.

Ranar da layi ya zo kan Baba, darasin kimiyya ya zaɓa, yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana. Ya taho tun daga Dingaya da shukar wake biyu a cikin gwangwani, ɗaure a bayan babur. Ɗaya kore shar, ɗayar kuma ya kife ta da tukunya na wasu kwanaki har ta yi rawaya ta langaɓe. Ƙa'ida ita ce da Turanci za a koyar. Madam ta riƙe waya, muka zauna a matsayin yara.

Ya fara lafiya lau. Sai ya iso kan doguwar kalmar nan ta Turanci da ake kiran wannan aiki na ganye da ita. Harshensa ya sarƙe. Ya sake gwadawa, ta fito a karkace. Ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, ta ƙi. Ya juya zai rubuta ta a allo, alli ya karye ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka hularsa ta zame ta bi allin. Ya ɗago da sanƙonsa a waje ya ce, "Kai, wannan kalma ta fi ƙarfin sauran haƙorana."

Muka fashe da dariya, shi ma yana yi. Ya mayar da hularsa, ya rubuta kalmar daidai, ya ce Madam ta faɗe ta, ya maimaita bayanta har ta zauna a bakinsa. Daga nan ya ɗauko gwangwanayensa ya ajiye a tebur, ya sa muka faɗi bambancinsu da kanmu, ya bi da mu a hankali har muka kai ga amsar. Da aka sa a guruf, gyaran da aka yi masa kaɗan ne. Wani ya ce ya rage juya wa aji baya, wata ta ce ya ɗaga murya. Ya turo saƙo daga kan tudunsa yana godiya ga kowa.

Bayan wasu makonni, ina zaune a makarantarmu lokacin hutun tara, wani abokin aikina ya matso da wayarsa yana ƙyaƙyata dariya. "Malam, zo ka ga irin malaman da ake da su."

Baba ne. Amma ba darasin ba ne. An yanke farkon, an yanke ƙarshen, ba gwangwani, ba wake. An bar wurin da harshensa ya sarƙe kawai, an maimaita shi a jere, an sa kiɗa da wata dariyar inji a ƙarƙashi, an rage gudun faɗuwar hular don a daɗe ana kallon sanƙon. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga wanda ke koyar da 'ya'yanku a Jigawa.

Na ce masa, "Na san mutumin nan. Ajinmu ɗaya. Ba haka darasin yake ba."

Ya ce, "Haba! To ka ce masa ya yi suna." Ya wuce ya nuna wa na gaba.

Na bi shi na karɓi wayar na duba abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Waɗanda ba su san inda Dingaya take ba, ba su taɓa tsayawa gaban yara da alli ba, kowa ya zama alƙali. Wani ya ce a kore shi. Wani ya ce irinsu ne suka kashe ilimi a Arewa. Wasu 'yan Kudu suna cewa haka duk muke, 'yan Arewa suna rama zagi, ana ta faɗa a kan Baba shi bai ma sani ba. Na yi ta kiran wayarsa, ba ta shiga.

Daga baya na ji yadda ya sani. Ranar kasuwar Fagam ya je ya kai wayarsa caji, sai samarin da ke rumfar cajin suka riƙa kallonsa suna ƙunshe dariya. Yana juya baya wani ya faɗi kalmar nan yadda ta fito a bakinsa. Bai gane ba sai da mai rumfar ya ji kunya ya kira shi gefe ya nuna masa. Kafin mako ya zagayo abin ya shiga garinsu. Yaran da yake koyarwa suka riƙa faɗin kalmar a bayansa. Wasu iyaye, waɗanda shi ya koya musu rubuta sunansu, suka je wurin hedimasta suna tambaya ko ba za a canja wa 'ya'yansu malami ba. Wani mai duba makarantu, wanda aka daɗe ba a ga ƙeyarsa ba a yankin, ya zo takanas ya zauna a bayan ajin Baba yana rubuce-rubuce.

Guruf ɗinmu kuwa ya zama filin zargi. Kowa na rantsuwa ba shi ba ne. Wani ya ce ƙanensa kan ɗauki wayarsa, wata ta ce ta kai tata gyara. Da aka rasa wanda za a kama sai aka juya kan Madam, tunda ita ta riƙe wayar kuma ita ta buɗe guruf. Wani har ya rubuta cewa dama baƙi ba sa ganin mutuncinmu. Matar da ta yi watanni tana gyara masa rubutu. Na same ta a bakin aji tana kuka, ta nuna mini yadda ta bi shafukan da suka sa bidiyon ɗaya bayan ɗaya tana roƙonsu su cire. Wasu sun cire. Wasu sun zage ta. Wani ya ce mata in ya cire me zai ci, mutane na kallo.

Muka je wurin Dokta ni da ita. Ya saurare mu yana duba agogo, sannan ya ce, "Ni ban ce ku sa a intanet ba. Ku ne ba ku iya riƙe abinku ba."

Madam ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce a ɗauka. Kuma mun tura maka."

"To me kike nufi?"

Muka fito muka bar shi. Daga baya wani ma'aikacin cibiyar ya gaya mana cewa Dokta ya tafi da bidiyoyinmu wani taro a birni, ya nuna su a matsayin sabon tsarin da ya kawo, har wasu suka kwafa daga na'urarsa. Ko daga can abin ya fita, ko daga wayar ɗayanmu, har yau ban sani ba. Ba a bincika ba. Abin da shugaban cibiyar ya yi shi ne ya tara mu ya ce daga yau an hana fito da waya a aji, a rufe guruf, kuma kada a sake ganin ɗalibai sun taru suna koyar da juna ba tare da malami ba, don ga irin abin da hakan ke jawowa. Muka koma gindin darbejiya muna jiran mutanen da ba sa zuwa, wannan karon ma ba mai yi wa wani magana.

Baba ya daina zuwa. Da na ga jarrabawa na matsowa, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur na nufi Dingaya. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ya rame. Ya sa aka kawo mini fura, muka gaisa, ya tambayi kowa da kowa har Madam.

Na ce, "Baba, wasu na cewa ita ce."

Ya ce, "Ba ita ba ce. Ka gaya mata na ce ba ita ba ce. Wadda ta faɗa mini kalmar har na iya?"

Na roƙe shi ya dawo. Ya ci gaba da murza igiyar, can ya ce, "Malam, ba dariyar ce ta dame ni ba, mu ma mun yi dariya ranar. Abin da ya dame ni, da can in na shiga aji yara suna kallon allo. Yanzu bakina suke kallo, suna jira in yi kuskure. Ni kuma sai na tsinci kaina ina kauce wa kalmomi. In na hango doguwa a gaba sai in zagaye ta. Ka ga an cuci yaran ke nan."

Na ce masa abin zai wuce, mutane za su samu wani abin kallo su manta. Na ce saura kaɗan mu gama, kada ya bar wahalarsa ta tafi a banza. Na daɗe ina magana. A ƙarshe ya ce to, zai zo.

Ya cika alkawari. Asabar ɗin da ya dawo ta zo daidai da wani taro da cibiyar ta shirya. An sanar cewa an gayyato wani masani daga birni zai koya mana yadda ake kare kai a intanet, kuma dole kowa ya halarta. Aka tara duk azuzuwa a babban ɗakin taro, har da waɗanda ba mu san su ba. Aka tayar da janareta, aka kafa majigi yana haska bango. Shugaban cibiya da Dokta suna kujerun gaba. Ni da Baba muka zauna tsakiya, Madam na bayanmu.

Masanin mutum ne mai fara'a, kuma ya san aikinsa. Ya yi bayanin lambar sirri, ya ce kada mu ba kowa lambar da aka turo mana ko da ya ce daga banki yake. Ya ce kada a ɗauki hoton yara 'yan makaranta a yaɗa ba da izinin iyayensu ba. Ya ce duk abin da ka tura wa mutum biyu ka ɗauka ka tura wa duniya. Ina ji ina cizon yatsa, don da an faɗa mana wannan tun farko da ba mu kai inda muka kai ba. Baba har yana rubutawa.

Sai masanin ya ce, "Bari in nuna muku misali, don ku ga abin da sakaci ke jawo wa malami."

Ya danna na'urarsa. Kiɗan nan ya tashi. Ga Baba a jikin bango, ya fi tsayinsa na gaske, bakinsa na kokawa da kalmar, hularsa na faɗuwa a hankali. 'Yan sauran azuzuwan suka kwashe da dariya. Wasu da suka gane shi suka juyo suna nuna shi da baki. Masanin na murmushi yana cewa, "Kun gani ko? Wannan bawan Allah da ya kula da wanda ke ɗaukarsa..."

Madam ta miƙe ta daka tsawa da muryar da ban san tana da ita ba. "Kashe shi! Ka kashe! Ga mutumin nan a zaune!"

Dariyar ta ɗauke, sai ƙarar janareta da kiɗan da bai tsaya ba, don masanin ya rikice ya rasa inda zai danna. Na dubi kujerun gaba. Shugaban cibiya ya sunkuyar da kai. Dokta yana shafa wayarsa kamar an turo masa saƙo. Su biyun sun san bidiyon, sun san Baba, sun ga shigowarsa da safe.

Baba ya rufe biro ya sa a aljihu. Ya ɗauki jakarsa ya miƙe. Ƙofar tana can gaba kusa da majigi, dole ya ratsa ɗakin gaba ɗaya, ya wuce ta cikin hasken, inuwarsa ta hau kan hotonsa. Bai yi sauri ba, bai kalli kowa ba. Na bi shi.

A waje baburinsa ya ƙi tashi. Ya yi ta bugawa, gumi na zubo masa. Masanin ya fito da gudu yana ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa a intanet ya samo shi, bai san ɗan nan cibiyar ba ne, ba wanda ya gaya masa.

Baba ya ce, "Ba komai, ɗana. Kai ba ka sani ba. Waɗanda suka sani suna ciki."

Na tura masa babur ɗin har ya kama. Kafin ya ja ya ce mini, "Koma ka ji sauran, Malam. Maganarsa gaskiya ce, za ta amfane ka."

Ban koma ba. Na zauna a kan wani dutse a bakin makarantar har aka tashi. Madam ta gaya mini an ci gaba da taron, an yi jawabin godiya, an ɗauki hoto, an raba lemo. Ba wanda ya ambaci abin da ya faru. Mako na gaba aka kira ta ofis aka ja mata kunne saboda ta ɗaga murya gaban baƙo.

Baba bai sake taka cibiyar ba. Mu muka yi jarrabawa, aka ba mu takardunmu. Madam ba ta daɗe ba aka canja wa mijinta wurin aiki suka bar garin, ta tafi ba ta yi sallama da kowa ba sai ni da wasu mata biyu. Dokta ya samu ƙarin girma. Na ji an ce har yanzu yana ba da lacca kan yadda ɗalibai ke koyar da junansu ta waya.

Bayan na karɓi takardata na sake zuwa Dingaya, lokacin girbin dawa. Aka ce mini yana gona. Na same shi yana ɗaure dami. Ashe ya nemi ritaya tun kafin lokacinsa an kuma ba shi ba tare da wani ya tambaye shi dalili ba. Ya yi murna da ganina, ya karɓi takardar da hannu biyu bayan ya goge su a riga, ya kai ta kusa da idonsa ya karanta har ƙasa, ya yi mini addu'a. Na tambaye shi wayarsa, don na daɗe ina kira ba na samu. Ya ce ya bayar da ita. Na so in ce wani abu game da ranar taron, ya ɗaga hannu ya ce in bar shi, ya shiga tambayata yadda daminarmu ta kasance a Surko.

Da zan tafi na bi ta gaban makarantarsu. Lokacin darasi ne. Na rage gudu na leƙa ajin da aka ce mini nasa ne. Ba a turo wani a madadinsa ba. Yaran na zaune a ƙasa, wasu na kokawa a baya, wasu sun fita ta taga suna jifan kanya. Hedimasta ya hango ni ya taho, ya ɗauka daga ofis aka aiko ni. Da na ce masa ni ma malami ne, wucewa kawai nake yi, sai ya ce in na san wani mai takarda da zai yarda ya zauna a ƙauye in taimaka in gaya masa, don sun rubuta sun gaji. Na ce masa to. Ban san kowa ba, kuma ni ma a lokacin ina neman a mayar da ni cikin gari.